Shirun Ɗakin Malamai

'Yan'uwa malamai, duk wanda ya shekara yana riƙe da alli ya san irin taron da ake kira a farkon zango. Shugaban makaranta zai miƙe ya yi dogon jawabi, ya karanta takardar da ta zo daga ofishin ilimi, sannan ya ce, "Akwai mai magana?" Sai ɗaki ya yi tsit. Da an fito kuma, a gindin darbejiya, bakin kowa ya buɗe. Wannan yana kukan an ɗora masa darasin da bai karanta ba, waccan tana cewa ajinta ya cika har ba ta iya ratsawa tsakanin yara.

Tsoro ne ya rufe bakunan a cikin ɗaki. Mun ga yadda takardar tuhuma, wadda aka tanada domin gyara, ta koma sandar bugun mai tambaya. Mun ga malamar da ta nemi sanin inda kuɗin gyaran benci ya shiga, zango bai ƙare ba aka mayar da ita makaranta mai nisa da gidanta, kuɗin mota yana cinye albashinta. Fom ɗin auna ƙwazo na shekara kuwa, wanda ƙarin girmanmu ya rataya a kansa, yana hannun mutumin da ake so mu gaya wa gaskiya.

Yara ne ke biyan kuɗin wannan shiru. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Malamin da ke tsaye gaban ninki biyu na wannan adadi shi ya fi kowa sanin yaran da suka kai aji huɗu ba su iya haɗa baƙi ba. Idan ya kame bakinsa, rahoton da zai tafi sama zai ce komai lafiya, sai ranar jarrabawa iyaye su ga abin da aka ɓoye.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A cikinmu akwai masu kwasar hirar ɗakin malamai su kai ofis domin a rage musu darasi. Akwai masu makara, waɗanda laifinsu ya hana su ɗaga kai su yi magana. Shugabannin ma jiya-jiya suna aji tare da mu, kuma 'yan ƙungiyar nan ne. Da yawansu an miƙa musu makullin ofis ba tare da horo kan jagorancin mutane ba, ga matsi daga sama, sai su sauke shi a kan na ƙasa.

Dokar 2022 ta ba malami damar yin aiki har ya cika shekara 65 da haihuwa ko 40 yana aiki. Matashin da aka ɗauka bana bai kamata ya kwashe waɗannan shekaru yana haɗiye magana ba.

Saboda haka muna roƙon reshenmu ya tsaya kan abubuwa huɗu. A riƙa rubuta abin da aka tattauna a taron malamai, a karanta shi a taro na gaba. A raba darussa a bainar kowa, gwargwadon abin da mutum ya karanta. Duk sauyin wurin aiki a tsakiyar shekara ya zo da dalili a rubuce, tare da damar kai kuka. A kuma horar da shugaba kafin a ba shi kujera.

Tun 1931 aka kafa ƙungiyarmu ta NUT domin kada malami ya tsaya shi kaɗai. A taro mai zuwa, idan ɗan'uwa ya miƙe ya faɗi gaskiya cikin ladabi, wani daga cikinmu ya miƙe ya mara masa baya.