Wasiƙa ga Masu Shirya Fim: A Ɗauke Yatsa daga Kan Kunama

'Yan'uwa daraktoci da furodusoshi,

Ni ɗan kallo ne, ban taɓa riƙe kyamara ba, amma yadda jarumanku ke riƙe bindiga ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ɗan sandan fim zai shigo ofis da fistol a hannu, yatsa a kan kunama, ya nuna wa abokin aikinsa kujera da bakin bindigar. Wani ya sosa ƙeya da ita. Wani ya soke ta a ƙugun wando a ɗane. Ko mafaraucin da ya gaji bindigar toka wajen kakansa ya san ba a juya wa mutum bakin bindiga, da albarushi a ciki ko babu.

Na san amsarku: ai wasa ne, ba ta gaske ba ce. Haka aka zata a jihar New Mexico ta Amurka ranar 21 ga Oktoba, 2021, wajen ɗaukar fim ɗin Rust. Mataimakin darakta ya miƙa wa jarumi Alec Baldwin bindiga ya ce babu komai a ciki. Ashe da harsashi mai rai. Bindigar ta tashi, harsashin ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, ya wuce ya raunata darakta Joel Souza a kafaɗa. Mai kula da makaman fim ɗin, Hannah Gutierrez-Reed, kotu ta ɗaure ta wata 18 a 2024.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Brandon Lee, ɗan Bruce Lee, a fim ɗin The Crow a 1993, yana da shekara 28. Can ba harsashi mai rai aka harba ba. An ɗauki harsasan gaske ne aka zazzage albarushinsu don su fito kamar na gaske a gaban kyamara. Aka ja kunama, kan ɗaya ya fita ya maƙale a cikin bututun bindigar, ba wanda ya leƙa. Daga baya aka ɗura mata harsashin ƙara, mai albarushi marar kai, aka saita Brandon aka harba. Albarushin nan ya tunkuɗo kan da ya maƙale, ya shige masa ciki. Leƙa bututun bai fi aikin minti ɗaya ba. Mu kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, to amma wannan sakaci ne sunansa.

Shi ma harsashin ƙarar ba abin raini ba ne. A 1984 jarumi Jon-Erik Hexum ya ɗora bindiga mai irin wannan harsashi a gefen kansa da wasa, ya ja. Ƙarfin iskar kaɗai ya fasa masa ƙoƙon kai, bayan kwana shida ya rasu.

Don haka, Malam Darakta, a lokeshan ka ware mutum ɗaya tak da makami ke hannunsa, shi zai bayar, shi zai karɓa, ya buɗe ta a gaban jarumi da wanda za a nuna da ita kowa ya gani da idonsa. Kada kunya ko neman sauƙi su sa ka aro ta gaske wajen wani jami'in tsaro don ta fi kyau a hoto. Bayan abin da ya faru a Rust, masu shirin The Rookie sun daina harba bindigar gaske, suka koma ƙara wuta da ƙara a kwamfuta wajen tacewa. Editanku ma zai iya.

Sai roƙona na ƙarshe, saboda yaran da ke zaune gaban talabijin, waɗanda wasunsu akwai bindigar farauta rataye a ɗakin mahaifinsu. Idan jaruminku ya dawo gida daga fagen fama, ku bar kyamara a kansa daƙiƙa biyar: ya zare gidan harsasai, ya duba ko saura ɗaya a ciki, ya kulle ta a akwati, sannan ya ɗauki ɗansa.

Wassalam,
Naku, mai kallonku.