Labarin fim: A daina cinikin biri a sama

Babu ɗan kasuwar da zai biya kuɗin buhun riɗi a Gadarif ko na dawa a Damazin bai soka hannu ya ga abin da ke ciki ba. Abin mamaki, wannan taka-tsantsan da muke yi wa kaya ba ma yi wa labari, musamman labarin fim ko hoton bidiyo da ya shigo ta waya. Da an ce "ga abin da wane ya yi", sai a tura wa na gaba, kafin la'asar ya zagaye kasuwa daga Gallabat har Maiwurno.

Ya kamata mu tuna abin da ya faru a shekarar 2012. A watan Yulin shekarar aka ɗora wani guntun fim mai kimanin minti 14 a YouTube, wanda daga baya aka san shi da suna Innocence of Muslims, fim na ɓatanci ga Manzon Allah (SAW). Babu Musulmin da wannan bai yi wa zafi ba, kuma Allah wadai da shi wajibi ne. Amma wa ya yi shi? Manyan kafafen labarai na Amurka, har da kamfanin dillancin labarai na AP, sun ruwaito cewa wani Bayahuden Isra'ila ne mai suna Sam Bacile, wai Yahudawa 100 ne suka tara masa dala miliyan 5. Madogararsu ita ce hirar da suka yi da shi ta wayar tarho.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Cikin 'yan kwanaki bincike ya nuna sunan na bogi ne. Mai fim ɗin shi ne Nakoula Basseley Nakoula, ɗan asalin Masar mazaunin Kalifoniya, wanda kotu ta taɓa ɗaurewa a kan damfarar banki. 'Yan wasan kuma suka ce yaudararsu aka yi, domin an ɗauke su aiki ne a wani fim mai wani suna daban, daga baya aka ɗora kalaman ɓatancin a kan muryoyinsu. Cocin Kibɗawa na Masar ma ya yi tir da fim ɗin.

Sai dai gyara bai kama ƙafar labarin farko ba. Ranar Juma'a 14 ga Satumba, 2012, masu zanga-zanga a Khartum suka cinna wa ofishin jakadancin Jamus wuta, alhali ba a Jamus aka yi fim ɗin ba, aka kuma rasa rayuka a ranar. A Damagaram aka farfasa coci. Wanda ya yi laifin yana can Amurka, waɗanda suka ji jiki suna nan gida.

Hausawan Jazira da Nil al-Azrak sun fi kowa sanin illar zancen da ba shi da tushe. Rikicin watan Yulin 2022 a jihar Nil al-Azrak ya ci rayuka fiye da 100, dubbai suka bar gidajensu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, hotuna da bidiyo ke yawo a Facebook da WhatsApp, wasu na gaskiya, wasu tsofaffi ne da aka laƙa wa sabon suna. Idan wuta ta tashi, rumfar ɗan kasuwa ce ke fara ci, hanya ta rufe, bashi ya maƙale.

Don haka wannan jarida na kira ga 'yan kasuwa da su riƙa yi wa kowane labarin fim tambayoyi kafin su yaɗa. Wa ya fara faɗa, kuma ya gani ne ko ji ya yi? Yaushe aka ɗauki hoton, a ina? Muryar ta dace da bakin mai magana? Wata kafa ta daban ta tabbatar, ko duk daga bakin mutum ɗaya suka kwaso? Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta riga ta umarce mu da bin diddigin labari don kada a cutar da wanda bai ji ba bai gani ba.

Shugabannin kasuwa da limamai su ma su tsaya a kan wannan, su tsawata wa masu tura abin da ba su tantance ba. Mu 'yan jarida kuwa nauyin ya fi yawa a kanmu, tunda an ga yadda hira guda ta waya ta ruɗi duniya. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.