Love Aaj Kal: Soyayyar dā ta fi ta yanzu, ko dai Harleen ce ba ta magana?

Duk mai bibiyar finafinan Indiya zai iya tuna Love Aaj Kal, wanda Imtiaz Ali ya ba da umarni, ya fito a 2009. Labari biyu ne aka saƙa wuri guda. Jai (Saif Ali Khan) da Meera (Deepika Padukone) masoya ne a Landan. Ita za ta koma Indiya aikin gyaran zane-zanen tsofaffin gine-gine, shi kuma hankalinsa na kan samun aiki a San Francisco. Sai suka rabu ba faɗa ba tashin hankali, har da shirya walimar rabuwa.

Wannan ne ya ɗaure wa dattijo Veer Singh (Rishi Kapoor) kai, ya zaunar da Jai yana ba shi labarin yadda ya so Harleen a 1965. Ya ƙudurta aurenta tun kafin kalma ta haɗa su. Da iyayenta suka koma Kalkata, ya bi jirgin ƙasa don kawai ya hango ta daga ƙasan bene. Ya sha duka a hannun danginta, bai fasa ba.

Fim ɗin bai ɓoye inda ya karkata ba. Veer ne gwarzo, Jai kuma yaro ne mai surutu da lissafi. Masu kallo da yawa, musamman waɗanda suka manyanta, nan suke tsayawa su ce ai soyayyar gaskiya ta tafi da mutanen dā.

Sai dai a dubi Harleen da kyau. A rabin fim ɗin da aka ba ta, da ƙyar take buɗe baki. Kallo ne, da sunkuyar da kai, da kofin shayi. Danginta sun yanke mata miji, Veer ya yanke cewa tasa ce, ƙarshe mahaifiyarta ce ta buɗe ƙofar da suka fita. Sa'arta ita ce tana son wanda ya nace. Da ba ta son sa fa? Bin yarinya a kan keke kullum da tsayuwa ƙofar gidansu da wani suna za a kira shi. (Wadda ta fito a Harleen ma, Giselli Monteiro, 'yar Burazil ce, shirun ya yi mata rana.)

Meera kuwa tana da aiki, tana da baki, kuma ba aikin nata ne ya raba su ba. Jai ne ya kasa cewa kada ki tafi, ko kuma zan biyo ki. Tsoron ɗaukar nauyi ne ya lulluɓe da sunan wayewa, kuma irinsa bai fara daga zamanin wayar hannu ba. Abin da Veer ya fi shi da shi ɗaya ne: ya faɗi abin da yake so, ya tsaya a kai.

Akwai kuma wanda fim ɗin ya yi saurin mantawa da shi, wato Vikram (Rahul Khanna). Ya auri Meera da zuciya ɗaya, washegarin biki ta gane Jai take so. Shi ya biya kuɗin jinkirin mutum biyu, aka ɗauke kyamara daga kansa aka koma kan hawayen Jai a Amurka.

Imtiaz Ali ya sake taɓa wannan jigo a 2020 da suna iri ɗaya, tare da Kartik Aaryan da Sara Ali Khan. A can, dattijon da ke ba da labari shi ne ya yi wasa da soyayyarsa ta dā har ta kuɓuce masa, fim ɗin kuma bai samu karɓuwa irin ta na farko ba.