Lalle: Daga gona ake gyara buhu

Duk wanda ya san harkar kaya tsakanin Nijar da Aljeriya, daga Agadas zuwa Arlit, Assamaka, In Guezzam har unguwar Gataa El Oued a Tamanrasset, ya san lalle ba baƙo ba ne a wannan hanya. Dokar musayar kaya da Aljeriya ta sabunta a shekarar 2020 ta lissafa shi cikin abubuwan da aka yarda a shigo da su daga Nijar da Mali, a karɓi busasshen dabino da gishiri da makamantansu. Sai dai abin tambaya shi ne, wane irin lalle muke kaiwa?

Masu lambun furanni suna da wata al'ada. Da zarar fure ya yi yaushi sai su tsinke shi, domin in aka bar shi ya ƙulla iri, shukar za ta mayar da ƙarfinta kan irin, ta rage fitar da sabon fure. Haka kuma in aka datse kan reshe, idanun da ke kwance a gefensa sai su farka, reshe ɗaya ya zama uku ko huɗu. Da wannan hikimar manoman zogale na Maraɗi ke sare itacensu, ya yi ta ba su ganye a inda hannu zai kai.

To, lalle ma haka yake. Itace ne mai shekaru, kuma sinadarin da ke sa shi kama hannu ya fi yawa a sabon ganye. Wanda aka sassabe a kan kari, ya sake tohowa, aka shanya ganyensa a inuwa, shi ne kore shar mai kamu. Wanda aka bari ya tsufa ya cika da 'ya'ya kuwa, rabin buhunsa tsinke ne da iri.

A nan ne laifinmu yake, mu 'yan kasuwa. Muddin kuɗi ɗaya muke biyan buhun ganye zalla da buhun tarkace, babu manomin da zai wahalar da kansa da sassabe da shanyar inuwa. Wasu za su ce riba ba ta da yawa, ga tsadar mota ga kuɗin shinge, ina za a samo ƙarin? Gaskiya ne. Amma araha ba ta ado. Aljeriya na noman nata lallen a Biskra da Adrar, sannan ga na Indiya, inda garin Sojat ya samu rajistar sunan lallensa a hukumance a 2021. Mai saye yana da zaɓi, kuma matar da ta ƙunsa lallenmu bai kama ba, ba za ta sake tambayarsa ba.

Don haka muna kira ga shugabannin kasuwanni da dillalai su raba lalle daraja-daraja, kowace da farashinta. A zuba hannu har ƙasan buhu kafin a yi ciniki. A gaya wa manomi tun kafin kaka cewa ganyen sabon toho yana da ƙarin kuɗi, kuma a cika alkawari. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba. Allah Ya sa albarka a kasuwa.