SHAWARAR WATA: Ziyarar dutsen Massalata, a je a dawo rana guda

Kaka ta wuce. Hatsi ya shiga rumbu, aikin gona ya yi sauƙi. Wanga lokaci ne mutanen Adar ke samun sararin tafiya. Wasu su tafi bida, wasu gaida dangi, wasu kuma ziyara. Cikin wuraren da ake ziyarta a jihar Tawa akwai dutsen Massalata.

Shin mutumin Tabaram na iya zuwa can da motar haya, ya dawo gida rana guda? A'a, ba ya iyawa. Mutumin da ya kwana Tawa shi ke iyawa. Shi ma sai ya fara lissafinsa daga dawowa.

INA NE MASSALATA?

Massalata ƙauye ne kusa da Birnin Ƙwanni, ƴan kilomita kaɗan daga cikin gari. Akwai dutse a wurin wanda arnan ƙasar ke girmamawa tun kaka da kakanni. Kowace shekara, bayan kaka, dattawansu na taruwa su yi arwa. Suna faɗin abin da suka hango game da damina mai zuwa, da amfanin gona, da lafiyar mutane da ta bisashe. Jama'a na zuwa daga nesa su saurara. Wasu sun yarda da zancen, wasu kallo da neman tarihi ke kai su.

Ƙasar Ƙwanni ta ga abubuwa da yawa. A shekarar 1899 sojojin Faransa na Bule da Shanuwan suka ƙone Birnin Ƙwanni, suka kashe mutane masu yawa. Wanda ya zauna gaban tsofaffin ƙasar ba ya rasa abin ji.

Ba Massalata kaɗai ba ce ke da dutsen ibada. Ƴan bida da suka je Tamanrasat a ƙasar Aljeriya sun ji labarin dutsen Asekrem, inda wani malamin kirista Bafaranshe ya gina ɗakin kaɗaitarsa a 1911. Na Massalata kuwa yana cikin jihar Tawa, babu ƙetare iyaka.

HANYA

Tafiyar zango uku ce.

1. Daga Tabaram zuwa Tawa. Nisan ya fi kilomita 80.

2. Daga Tawa zuwa Ƙwanni. Kusan kilomita 130 ne. Mota na bi ta Badagishiri, ta kai Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta haɗu da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram. Daga nan Ƙwanni ba nisa.

3. Daga Ƙwanni zuwa Massalata. Kabu-kabu na kai mutum.

In an haɗa zango na 1 da na 2, an wuce kilomita 200. Zuwa da dawowa, an wuce 400. Ga jiran mota ta cika, ga tsayawa gari-gari. Rana ɗaya ba ta ɗaukar wannan. Don haka mutumin Tabaram ya shirya kwana uku: ranar farko ya sauka Tawa wurin dangi ko mai masauki, rana ta biyu ya je Massalata ya dawo Tawa, rana ta uku ya koma gida.

WACE RANA?

Motar haya kasuwa take bi. Kasuwar Tawa Lahadi ce, ta Ƙwanni Laraba, ta Badagishiri Alhamis. Ranar kasuwa motoci na yawa kuma suna cika da wuri. Wanda ke son ganin dutse kawai, Laraba ta fi masa sauƙi, don yana samun motar zuwa da ta dawowa.

Wanda ke son ya tarar da arwa, nasa lissafin daban ne. Dattawan wurin ne ke sa ranar, ba ta da tsayayyen kwanan wata cikin kalanda. Ya tambayi direbobin Ƙwanni a tashar Tawa, ko ya kira wani sananne da ke can, ko ya saurari rediyo. Matambayi ba ya ɓata. Ya sani kuma ranar taro kowa na neman mota a lokaci guda.

Lokacin ɗari ya fi dacewa da wagga tafiya. Cikin watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, hawan dutse da tsakar rana na kada mutum.

LISSAFI DAGA DAWOWA

Ga inda matafiya da yawa ke faɗuwa. Suna tambayar lokacin da mota ke tashi da safe, su manta da wadda za ta maido su. Lokacin ɗari rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 da ƴan mintoci. Ya kamata a ce mutum ya shigo Tawa kafin nan. Ƙaramar mota mai tsaye-tsaye, a ware mata awa 3 tsakanin Ƙwanni da Tawa. A ɗebe 3 daga 6, saura 3. Ke nan ƙarfe 3 na rana ta iske mutum cikin mota. Tun da mota ba ta tashi sai ta cika, ya iso tasha ƙarfe 2.

Daga nan sai a jera sauran:

Ƙarfe 6 na safe: tashar Tawa.
Ƙarfe 10: an sauka Ƙwanni.
Ƙarfe 11: an isa Massalata.
Ƙarfe 1: an bar Massalata, a ci abinci a yi salla a Ƙwanni.
Ƙarfe 2: tashar Ƙwanni.

Awa 2 ke nan mutum ke da ita a wurin dutsen. In motar safe ta makara, daga cikin awa 2 ɗin nan za a rage. Lokacin dawowa ba a taɓa shi.

Manyan motocin kamfani masu zuwa Yamai na barin Tawa tun da asuba, suna bi ta Ƙwanni. Su suna da lokacin tashi, ba su jiran kowa. Wanda ya yanki tikiti tun jiya, yana isa da wuri.

Tafiyar dare ba ta da alheri. A 2017 gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a Tiliya da Tasara, arewacin jihar Tawa, saboda ƴan bindiga. Akwai shingayen jandarmomi da ƴan sanda bisa hanyoyi. Kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa cikin aljihu. Wanda dare ya riska a Ƙwanni, ya kwana can, ya aika gida da labari. Kwana a tasha ya fi kwana a daji.

KUƊI

Kuɗin mota na canzawa da tsadar mai da yawan fasinja. A tambaya a tasha kafin ranar tafiya, a rubuta cikin littafi. Zango uku ne, kowane sau biyu.

Ga misali don koyon lissafi. A ce zango na 1 jika 2 ne, na 2 jika 3, na 3 dala 100. Dala 200 ita ce jika 1, ke nan dala 100 rabin jika ce. An haɗa, jika 5 da rabi. Sau 2, jika 11. A ƙara na abinci, da na goron gaisuwa, da na ko-ta-kwana.

Kuɗin dawowa a ƙulle su daban, cikin wani aljihu. Kasuwar Ƙwanni cike take da kayan Najeriya masu jan ido. Mutum ya sayi atamfa da kuɗin mota, sai ya koma roƙon ƴan kamasho.

KAFIN A BAR GIDA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Makiyayi ya san wanda zai shayar da bisashensa kwana uku. Manomi ya bar wa iyali hatsi da kuɗin cefane. A gaya wa mutanen gida ranar dawowa. A ɗauki gorar ruwa, da malfa, da takalmi mai riƙe ƙafa. Mai shan magani ya ɗauki maganinsa. Tsoho da mace mai ciki ba dole su hau dutse ba, gindinsa ma ya isa.

LADABIN BAƘO

Wurin na da masu shi. Baƙo ya fara gaida maigari da dattawa, ya faɗi abin da ya kawo shi. Su za su nuna masa inda ake takawa da inda ba a takawa. Kada ya ɗauki hoto da salula sai an yarje masa. Kada ya ɗauko dutse ko wani abin da ya iske a ajiye. Ko bai yarda da al'adarsu ba, ya riƙe bakinsa. Baƙon da ya yi ladabi, shi ake gaya wa labari.

TAURA BIYU

Wasu in sun kai Ƙwanni sai su ce bari su wuce Sakkwato, su ziyarci hubbaren Shehu Usumanu ɗan Fodiyo. An haifi Shehu a Maratta, kusa da Galmi, a 1754. Ya rasu a Sakkwato a 1817. Ziyara ce mai daraja, amma tana son ranarta. Daga Ƙwanni zuwa Sakkwato kusan kilomita 90 ne, ta Illela ta Najeriya. Sai an ƙetare iyaka, sai an canza sefa zuwa naira. Iyaka kuma tana rufewa: an rufe ta a watan Agusta 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Taura biyu ba ta taunuwa.

Wanda ya iya karatu da rubutu, ga ranar amfaninsu. Ya rubuta zango uku, da kuɗinsu, da lokacin dawowa, a takarda ɗaya. Ya karanta wa abokan tafiyarsa tun ba a tashi ba. Wanda lissafin ya cije masa, ya kai takardarsa makarantar yaƙi da jahilci ta garinsu, a yi shi tare bisa allo.

Allah ya kai kowa lafiya, ya maido shi lafiya.