Garkuwar Wa Aka Ƙera?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, laifin bibiya a fili yake: mutum ya addabi wani da sa ido da saƙonni dare da rana, har tsoro ya hana shi sakat. Amma da aka kafa dokar laifuffukan intanet a 2015, sai sashe na 24 ya haɗa har da saƙon cin fuska, hukuncinsa ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7. Fuskar wa? Ta manya mana! A 2020 Kotun ECOWAS ta ce sashen ya tauye 'yancin faɗar albarkacin baki, amma sai 2024 aka gyara shi.

A 2022 an cafke ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, aka kai shi Abuja saboda rubutu ɗaya a Twitter kan Aisha Buhari. To, budurwar Jahun wadda saurayin da ta ƙi yake razana ta ta waya, wa ke yi mata irin wannan hanzari? Jigawa tana da dokar hana cin zarafi tun 2021, a yi aiki da ita. Ma'aunin bibiya shi ne naci da tsoratarwa. Fushin mai mulki ba hujja ba ne.