Wa Zai Ce Wa Shugaba A'a?

'Yan'uwa na rassa, tun daga Yamai har Tawa, Maradi da Damagaram, ku karanta wa waɗanda ba su shiga lakkol ba wannan takarda ranar kasuwa.

Tsarin mulki, watau uwar dokoki, shi ke faɗin wanda zai riƙe ƙasa, da shekarun da zai yi, da inda ikonsa ya tsaya. Na farko da muka samu bayan 'yancin kai an kafa shi ran 8 ga Nuwamba 1960. Da Faransanci aka rubuta shi, kuma ya yi kama ƙwarai da na Kwaddibuwa da Dahome da Haute-Volta, abokanmu na ƙungiyar Entente.

Ya raba iko uku, kamar duwatsun murhu. Majalisar Ƙasa aka ba yin doka da yarda da haraji da kasafin kuɗi. Shugaban Jamhuriya, wanda jama'a za su zaɓa shekara 5, aka ba zartar da doka da naɗa ministoci da tuɓe su. Kotun Ƙoli kuwa ta tsare shari'a. Shugaba ba shi da ikon rushe Majalisa, Majalisa ba ta da ikon kayar da gwamnati. A takarda dai ba abin kushewa.

To, ina tukunyar ta karkace? Tun watan Oktoba 1959 aka rushe jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, watau shekara guda kafin tsarin ya fito. Tsarin bai hana kafa jam'iyyu ba, amma PPN-RDA kaɗai ta saura a fili. Ran zaɓe jerin sunaye guda ake kawo wa mai ƙuri'a. Ku duba fa: wakilin da manyan jam'iyya suka sa sunansa cikin jeri, kuma su ke iya shafe shi zaɓe mai zuwa, da wane baki zai miƙe ya ce wa Diori Hamani harajin bana ya yi wa talaka nauyi? Balle ma shugaban Majalisar, Boubou Hama, shi ne shugaban jam'iyyar. A 1965 da 1970 Diori ya tsaya ba abokin takara.

Don haka in aka kawo muku wani tsari aka ce ku jefa masa ƙuri'a, kada ku tsaya ga kirarin da ke shafin farko. Ku tambaya wa ke rubuta sunayen 'yan takara, wa ke naɗa alƙali, wa ke iya sauke shi.

Da fari ya cinye dabbobi da hatsi a 1973, kukan karkara bai sami Majalisar da za ta tuhumi gwamnati ba. Ran 15 ga Afrilu 1974 Laftanar Kanar Seyni Kountché ya jingine tsarin mulki, ya rushe Majalisa da jam'iyya. Nijar ba ta sake samun wani tsarin mulki ba sai 1989.